Shirun Manang Delfa

Duk wanda ya taɓa cin abincin biki a majami'armu ta birnin Iloilo ya ci girkin Manang Delfa, wato Yaya Delfa, ko da bai san fuskarta ba. Shekara goma sha ɗaya tana bayan tukunya a zumuntar mata, gajeriyar mace mai saurin tafiya, ga baki kamar reza idan aka taɓa mata ludayi. Kafin nan ta yi shekara tara a Bankok ta ƙasar Tailan tana renon 'ya'yan mutane, da haka ta sa nata biyun a makaranta bayan rasuwar mijinta. Yaren Tai kuwa har faɗan kasuwa tana yi da shi.

Shi ya sa da Fasto Gumban ya sanar za a tura mutum takwas Tailan aikin bishara na kwana goma, Delfa ta ɗauka magana ta ƙare. Wa zai jagoranci matan in ba ita ba? Har sabuwar riga ta ɗinka. Sai ga takarda liƙe a ƙofa: shugabar mata, Charito. Delfa kuma, girki da fassara.

Charito fa, 'yar ƙanwar mahaifiyar Delfa ce, Delfa ce ma ta goya ta. Malamar firamare ce mai jita da zaƙin murya, in ta fara addu'a hawayenta ba su da tsada, kuma ba ta taɓa wuce Manila ba. Babban abin haushin, yarinyar ba ta da mugunta ko ƙanƙani. Da mai girman kai ce ai da an samu abin kamawa. Kullum sai tambayar ko Manang ta gaji, Delfa ta ce ba komai Inday, wato ƙanwata, tana yanka albasa kamar da ita suke faɗa.

Ƙauyen da suka sauka masu bi bakwai ne kacal, suna taruwa a ƙarƙashin gidan katako na wata tsohuwa, Mae Buppha. Gidan na mijinta ne, Ta Somkhuan, wato Kaka Somkhuan, dattijo mai addinin Buddha. Bai shiga addininsu ba, bai kuma hana ba. Duk taron nan a kan haƙurinsa yake tsaye, kowa ya san haka.

Kwana biyu ba a yi ba yara suka manne wa Charito. Ita ke ba da labari, Delfa ke juya shi, amma in aka yi dariya Charito ake kallo, in aka tafa ita ake wa. Hotunan da ake turawa gida kuwa, Delfa sai dai ka ga ƙeyarta a gaban murhu. Abin ya ci ta ƙwarai. Ta san sunansa sarai, hassada ce, ta yi addu'a a kanta har ta gaji, hassadar ta ƙi tafiya.

Ran kwana na takwas, da hantsi, dattijon ya sauko da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya zauna a tabarma. Matarsa ta tambaye shi ko baƙi su yi masa addu'a, ya gyaɗa kai. Bai taɓa yarda ba sai ranar. Charito ta ajiye jita ta taso da hannuwa biyu a miƙe, za ta ɗora masa a ka kamar yadda muke yi a gida.

Delfa ta gani. Ta kuma san kan mutum abu ne mai alfarma a ƙasar nan, ko na yaro ba a taɓawa barkatai, balle mace ta tsaya ƙiƙam bisa dattijo ta dafa masa kai. Taku huɗu ne tsakaninsu. Abin da ake buƙata kawai ta ce mata ta durƙusa ta riƙe gwiwar, shi ke nan. Har ta buɗe baki, sai zuciya ta ce, ashe ba ita ce shugaba ba? Bari ta ɗan ji kunya, ta san shayi ruwa ne. Delfa ta rufe bakinta.

Charito ta dafa kan, ta runtse ido, ta shiga addu'a tana kuka. Dattijon ya zame kansa a hankali, ya miƙe, ya hau bene. Washegari Mae Buppha ta zo da jajayen idanu ta faɗi saƙonsa: baƙi su ƙarasa kwanakinsu lafiya, amma daga ranar da suka tafi ba sauran taro a gidansa. Da bakin Delfa aka fassara wannan.

Kunyar Charito kawai Delfa ta so gani, ba wannan ba. Ta bi tsohuwar har bakin rijiya tana ba da haƙuri da duk yaren da ta iya, Mae Buppha ta ce shekara shida tana lallaɓa mutumin nan kafin ya zauna a tabarmar.

A motar da ta kai su filin jirgi Charito ta kwantar da kai a kafaɗar Delfa, fuska duk ta kumbura. Ta ce ta riga ta gaya wa Fasto, baɗi Manang ce za ta jagoranci matan, ita ba ta cancanta ba. Abin da Delfa ke nema ya zo hannu, ta ji shi kamar tuwon da ya kwana.

"Laifina ne, Manang," in ji Charito. "Da kina kusa ai da kin hana ni."

Delfa ta daɗe tana kallon gonakin shinkafa suna wucewa.

"Ina kusa, Inday," ta ce. "Na gan ki tun kina tasowa za ki dafa shi, ban hana ki ba."

Charito ta ɗago ta dube ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jitarta ta koma kujerar baya.