Sojojin Dalma a Gidanmu na Fagge

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da abin da na gani ta bayan labule a gidanmu na Fagge, wata Lahadi da la'asar.

Ƙanena ne ya jawo mana. Yana sayar da kayan wuta a Kasuwar Sabon Gari, wata rana a cikin kayan gwanjo ya tsinci akwati cike da 'yan sojojin dalma, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, wasu masu jar riga, wasu shuɗiya, har da igwa. Ya bincika a waya ya gano wasa ake yi da su, ana maimaita yaƙoƙin Turawan da. Ya ɗora tsohuwar ƙofa a kan bokitai a tsakar gida, ya yi tuddai da yumɓu. Da tef ɗin tela ake auna tafiyar soja, da ɗan lido ake harbi. Wanda aka harbe sai a tunkuɗe shi da yatsa, a bar shi inda ya faɗi.

Ni da farko tsaki na yi, na ce ƙato da gemu ya koma wasan 'yartsana. Amma abin ya yi mana rana. Shi da yayanmu sun daɗe ba sa ga-maciji saboda wata magana da matansu suka haɗa, sai ga su duk Lahadi suna zaune gaba da gaba, suna musu a kan igwa suna ƙyaƙyata dariya. Ni ma na shiga, kuma ba yabon kai ba, na fi su iya kwanton ɓauna. Babanmu kuwa yana ɗakinsa, ƙofa a buɗe. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, amma bai taɓa ba mu labarinsa ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ko banɗaki sai an riƙe shi.

Ran nan aka kira la'asar, maza suka tafi masallaci, mu mata muka shige ɗaki. Da muka dawo sai muka tarar an tsince duk sojojin da suka faɗi, an jera su a gefen tsohuwar ƙofar da muke wasan a kanta. Kowanne a kwance ta ɓarin dama, kai kudu, fuska gabas, yadda ake kwantar da mamaci a kabari. Yara suna Islamiyya, ba kowa a tsakar gida. Yayanmu ya yi dariyar yaƙe ya ce ƙanena ne. Ƙanena ya rantse. Ni dai tsigar jikina ta tashi.

Lahadin da ta biyo baya aka sake. Wannan karon an ware guda ɗaya, mai shuɗiyar riga, an kwantar da shi rigingine, an gicciya tsinken tsintsiya biyu a kansa.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune da mu, ta dafe ƙirji. "Ban faɗa muku ba? Kun tara mutum-mutumi a gida, mala'iku sun fita, wasu sun shigo. Wa ya san gidan da aka kwaso su? Wallahi kududdufi za a kai su!"

"Gwaggo, in aka taɓa su, na bar zuwa gidan nan," in ji ƙanena. Yayanmu ya ce ai gwaggo ta fi shi gaskiya. Suka kalli juna irin kallon da, wanda na tsana. Na san idan sojojin nan suka tafi, zumuncin da muka samu da ƙyar ya bi su. Na roƙi Gwaggo ta ba ni mako guda.

Allah ya sa a Lahadin ba na salla. Da kowa ya watse na laɓe bayan labulen ɗakina, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Tsoro nake ji sosai. Gidan ya yi tsit. Can sai na ji wani sauti, shuu, ya tsaya, shuu, kamar ana jan buhu a siminti. Na runtse ido, na buɗe.

Baba ne. Yana jan gindi da hannu ɗaya, ƙafarsa da ta mutu tana biye da shi, gumi ya jiƙa masa riga. Ya isa wurin ƙofar wasan ya dafa bokiti ya ɗago. Ya riƙa ɗaukar sojojin ɗaya bayan ɗaya, ya share wa kowanne ƙura da babban yatsa, ya kwantar, leɓensa na motsi. Da ya gama sai ya miƙa hannu can baya, cikin waɗanda ke tsaye, ya zaro mai shuɗiyar rigar nan.

Ban san lokacin da na fito ba. "Baba, wannan ai bai mutu ba. Ba a harbe shi ba."

Bai ko firgita ba. Bai kuma kalle ni ba.

"Ya mutu," ya ce. "Ina wurin."

Na durƙusa kusa da shi. Ya ce, a hankali saboda bakinsa ya karkace, "Tare muka yi yaƙi. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya. Shi ya goyo ni ranar da aka same ni a cinya. Da aka harbe shi, a kife ya faɗi. Aka ce mu wuce. Muka wuce." Ya laluba aljihu ya fito da tsinkayensa. "Ba a barin mutum a kife, 'yar nan. Ku kuna ta dariya."

Na riƙe masa tsinken ɗaya, ya ɗora ɗayan. A haka 'yan'uwana suka shigo suka same mu. Su biyun suka ɗaga shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka mai da shi ɗaki, suka daɗe a ciki ba su fito ba. Gwaggo ta yi kuka ta ce ita ma, ƙanwarsa, ba ta taɓa jin wannan labarin ba, kuma ba ta sake zancen kududdufi ba.

Mun ci gaba da wasan, har bayan rasuwar Baba. Sai dai duk wanda ya harbe soja, shi zai ɗauke shi da hannunsa ya kwantar da shi yadda ya kamata, kuma ba a shewa.

Abin da na koya shi ne, shirun tsoho ba mantuwa ba ce. Mun yi shekaru muna kai wa Baba abinci da magani, muna ganin mun sauke nauyi, ba wanda ya taɓa zama ya tambaye shi abin da ya gani. In kana da tsoho a gida, ka tambaye shi tun yana iya ba ka amsa.