Baba Shekari da Kifin Farko

Kafin masu shayi su hura wuta, Baba Shekari ya riga ya buɗe rumfarsa a Muchia. Zai ɗora gilashin walda a goshi, ya jawo murhun gashi da tsatsa ta cinye, ya hau kankara da burushin ƙarfe. Shekara talatin da huɗu ke nan. Masu tsire da masu gasa kifi, daga Sabon Gari har Samaru, da wuya ka sami wanda murhunsa bai taɓa biyowa ta hannunsa ba.

Dokarsa ɗaya ce, kuma taurin kansa a kanta sai addu'a: ba ya shafa fenti a cikin murhu. Waje kaɗai, shi ma da fenti mai jure wuta. Ciki kuwa man gyaɗa yake shafawa, ya ƙona, ya sake, har sau uku.

Bara na ga dalili da idona. Maƙwabciyata Busola da gashin kifi take ciyar da 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta. Gab da Kirsimeti ta so murhun da mijin ya bar mata ya yi kyau, sai ta sayo fentin ƙofa ta shafe shi ciki da waje. Wayyo! Kifi ya ɗau ɗaci, ɗalibai biyu suka yi amai, labari ya zaga Samaru. Mako biyu ko jelar kifi ba ta sayar ba.

Ta kai wa Baba Shekari murhun tana hawaye. "Baba, ko dai in jefar da shi?"

"Ki jefar da me? Ƙarfen bai yi laifi ba, 'yata."

Kwana huɗu yana kankara yana ƙonawa. Sannan ya kawo mata murhun da kansa a keke, da la'asar, lokacin da titi ya cika. Ya zauna a bencinta ya ce, "Gasa mini babba." Ya ci a bainar jama'a yana suɗe yatsu, yana ce wa masu wucewa, "In akwai guba, ni zan fara faɗuwa." Bai gama da kan kifin ba, mutum uku sun tsaya suna tayin kifi.

Baba, kai ne mai gyaran da ba ya sallamar aiki sai ya ɗanɗana. Yanzu hasken walda ya ci idanunka, ka ce ƙarshen wata za ka rufe rumfa. Raina bai so ba, wallahi. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya.

Ku kuma masu sana'a, duk abin da kuka gyara wa mutane, ku fara sa shi a bakinku.