Maƙoƙo a Watan Azumi

Ina ɗalibin likita a Kudu, shekarun farko bayan samun 'yancin kai, na zo hutu gida Maiduguri, na liƙe wa wani likita a asibiti don in ƙaru. Shi ya koya mini duba maƙoƙo, kumburin nan na gaban wuya. Za ka tsaya bayan mai ciwo, ka ɗora yatsu a wuyansa, ka ba shi ruwa ya haɗiye. In kumburin ya hau ya sauka, ka san maƙoƙo ne.

Wata ranar azumi, ana zafi kamar a bakin murhu, wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi a hanyar Baga ta shigo da kumburi a wuya. An tsorata ta a gari, wai yanka ta za a yi. Likita ya ce ni zan duba ta. Shi Kirista ne, ya manta wane wata muke ciki, ya miƙo kofin ruwa.

Ta dubi kofin, ta dube ni. "Ɗan nan, kai ma ba ka azumi ne?"

"Ina yi, Iya. To haɗiyi yawu."

"Wane yawu? Tun hantsi bakina ya bushe." Ta jawo mayafi za ta tafi. Na san in ta fita ba za ta dawo ba, da tsoronta za ta zauna.

Ni kuwa tun safe ba abin da nake tunani sai buɗa baki. Na ce, "Iya, yaya kike dama kunun tsamiya? Na gidanmu salam yake."

Ai kuwa na taɓo inda take so. Ta zauna ta shiga bayani, yadda ake jiƙa tsamiya ta yi kauri, a tace, tsamin ya kama har gefen harshe. Na lallaɓa bayanta na ɗora yatsu. Tana cikin magana ta haɗiye yawu, ƙwat! Kumburin ya hau ya sauka, laushi gare shi, babu tauri ko kaɗan. Daɗi ya kama ni har na kusa yin ihu.

Likita ya taɓa, ya ce babu yanka, magani za ta riƙa sha.

Ta daɗe tana hamdala, hawaye na zuba. Sannan ta harare ni. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma ka tayar mini da yunwa, ga magariba da sauran nisa."