Antin Sanyi da warin tafarnuwa

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Antin Sanyi ta riga ta sauka ƙasa. Ɗakin aikinta a ƙarƙashin bene yake, bayan wurin wanki, inda ba a kai manyan baƙi. Takan buɗe ƙofa ta bar ta a buɗe, ta sa farar riga da wata safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, sai ta bi tankunan ajiya masu cike da wani ruwa mai tsananin sanyi ɗaya bayan ɗaya. Ita tukwane take ce musu. Ta ɗaga murfi, farin hayaƙi ya gangaro ƙasa, ta zura wata baƙar sanda ta zaro ta kaɗa a iska. Inda sandar ta yi fari, nan ruwan sanyin ya tsaya. In ya yi ƙasa ta ƙara. Sai ta gama da tukwane take shan shayi, shi ma ya huce.

A watan nan ta yi ritaya. An yi mata biki a sama, na je. Manya sun yi jawabi a jere, kowa ya faɗi yadda shi ya kawo ci gaba a sashen, a ƙarshe ya ce af, muna kuma gode wa wannan baiwar Allah. An ba ta agogon bango. Matar da ta shekara da shekaru tana zuwa aiki kafin kowa, ranar da ta daina buƙatar sanin lokaci aka ba ta agogo. Shi ya sa na ce bari ni ma in yi nawa jawabin. Ɗinki nake yi, karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani a nan da tambaya na san shi, kuma na dami mutane da ita.

Mamata turare take haɗawa tana sayarwa. Mace ce da in ka shigo gidanta za ta faɗa maka sabulun da ka yi wanka da shi, da wanda ya kamata ka yi da shi. Ciwon daji ya kama ta a ɓargo. Likita ya yi mana bayani a tsanake: za a ba ta magani mai ƙarfi da zai kashe ciwon, amma zai tafi da ɓargon da ke yin jini. Don haka kafin nan za a tace wasu ƙwayoyi daga jininta a ajiye, bayan maganin a mayar mata, su sake gina ɓargon. Mama ta ce, "Wato iri za ku ajiye." Tun daga nan muke ce musu iri.

Ajiyar irin nan shi ne aikin Anti. Kuma ba sakawa a firji ba ne kamar kifi. Ƙwayar jiki cike take da ruwa, in ruwan ya daskare sai ya zama ƙananan allurai na ƙanƙara, su yayyaga ta daga ciki. Saboda haka ake haɗa ta da wani sinadari da ke hana alluran fitowa. Sai dai sinadarin yana da hali. A cikin sanyi yana kwance lafiya yana gadi. Da ya ji ɗumi sai ya fara cutar da abin da aka ba shi gadi. Shi ya sa Anti ke zuba shi kaɗan-kaɗan, ledar da irin ke ciki tana kan ƙanƙara, tana murza ta da yatsu, ba ta amsa waya, ba ta amsa sallama sai ta gama. Ranar mayarwa kuma a bakin gadon mara lafiya ake narkar da ledar a ruwan ɗumi, a ɗaura nan take. Ledar da ta narke ba ta komawa tukunya.

Irin Mama leda biyu ya cika, da ƙyar. Likita ya ce bai isa a wanke sinadarin ba, don wanki na tafiya da wasu ƙwayoyin, kuma ba mu da na zubarwa. Dukan ledojin biyu ake buƙata.

To akwai Kawu, ƙanin Mama. Tun ranar farko ya naɗa kansa shugaban kwamitin jinya. Kwamitin shi kaɗai ne. Aikinsa shi ne tura dogayen saƙonnin murya a zauren waya na dangi, yana farawa da "a matsayina". Ana gobe za a mayar da irin, ya karanta wani abu a waya, ya kira Mama ya sanar da ita, a matsayinsa, cewa binciken da ya gudanar ya nuna abin da za a ɗura mata guba ne. Ya ce shi dai ya sauke nauyi. A kan wa ya sauke, bai faɗa ba.

Washegari da hantsi aka turo wani ƙaramin tanki a kan keke, Anti na biye da shi da kwanon ruwan ɗumi mai wayar lantarki, da lemo a aljihun riga. A lokacin maganin ya gama da ɓargon Mama. Gashinta ya zube, ko tari aka yi kusa da ita hatsari ne, ni kaɗai aka bari a ɗakin da takunkumi a fuska. Kawu yana waje, yana leƙe ta gilashin ƙofa da babbar riga.

Anti ta gaishe da Mama, ta tambayi sunanta da bakinta, ta duba na jikin ledar tare da nas. Ta tsoma leda ta farko, tana juya ta a hankali, ta ɗaga ta duba a haske, ta miƙa wa nas. Abin ya fara sauka.

Ba a jima ba ɗakin ya ɗauki wari. Tafarnuwa, amma irin wadda ta kwana a rufe. Sinadarin ne yake fita ta numfashi. Mama ta fara tari, maƙogwaronta na ƙaiƙayi, fuskarta ta yi ja, ta yi ta yunƙurin amai. Nas na auna ta tana cewa komai daidai, an saba ganin haka. Ana cikin haka wata ma'aikaciya ta buɗe ƙofa za ta fita, warin ya bi ta. Kawu ya zaro hankici ya toshe hanci. Mama ta gan shi.

Da ledar ta ƙare ta ce, "Ya isa. Ku cire min."

Na ce, "Mama, saura ɗaya."

"Na ce ya isa. Guba ce, an faɗa min. Ji yadda nake wari kamar mushe. Ni? In mutuwa ce gara in tafi da mutuncina."

Likita ya zo ya yi magana mai kyau, ya sake maimaita cewa rabi ba zai isa ba. Mama ta juya wa bango fuska. Ni kuma na tsaya ina kallon kwanon ruwan ɗumin, don na zaci leda ta biyun tana ciki tana lalacewa. Kwanon babu komai. Ledar tana cikin tanki ba a taɓa ta ba. Daga baya nas ta gaya min dokar Anti ce: ba ta narkar da ta gaba sai ta farko ta ƙare, ta kalli fuskar mai jinya, ta ji ya ce to. An sha yi mata ƙorafin tana ɓata lokaci.

Anti ta cire safar hannu, ta wanke hannu, ta wanke lemon nan da kyau, ta ja kujera ta zauna tana yankawa.

Ta ce, "Hajiya, ƙaninki bai yi ƙarya ba. Abin yana da dafi. In an bar shi da ɗumi yana kashe irin, in ya yi yawa yana wahalar da mutum. An auna naki daidai jikinki, gobe ko jibi zai fita. Riƙe wannan a hanci."

Mama ta karɓi lemon ba ta juyo ba.

"An ce turare kike haɗawa."

Mama ta ƙara manna lemon a hanci. Anti ta ci gaba.

"To ni taimako nake nema. Kwana ɗaya ko biyu za ki yi da warin nan. Ni da shi nake komawa gida tun ina amarya. Yana kama riga, yana kama gashi. Maigidana ya daɗe yana zargin a hanya nake tsayawa cin abinci ba na rago masa. Na sayi turare iri-iri, abin sai gaba yake. Don Allah shinshina nan."

Ta miƙa mata bakin mayafinta. Na ga hancin Mama ya motsa da kansa, ba da izininta ba. Ta juyo.

"Wa ya sayar miki da wannan?"

"A shago na saya. Da tsada."

"An cuce ki. Mai zaƙi kika sa a kan tafarnuwa? Ai aurar da su kika yi. Wari mai nauyi ba a danne shi da zaƙi, yanka shi ake yi da abu mai kaifi."

"Kamar me?"

"Tsaya mana, ba a haka ake yi ba. Fatarki mai maiƙo ce ko busasshiya?"

Anti ta ce, "Bayanin zai yi tsawo, ko? Kin ga an hana ni zama haka kawai. In sa ledar nan, tana sauka kina faɗa min?"

Mama ta harare ta. Ba yarinya ba ce, ta gane sarai. Ta tsotsi lemon, ta ce, "Sa. Amma ki saurara, ba na maimaitawa."

Haka leda ta biyu ta sauka, Mama na tari tana ba da darasi, tana yunƙurin amai tana cewa kar a kuskura a fesa a kan riga mai gumi. Anti na tsaye, ido ɗaya a kan ledar, tana "to", "ashe", "shi ya sa". Kawu kuma a waje yana tura saƙo cewa a ƙarƙashin kulawarsa aiki na tafiya yadda ya tsara.

Da na ba nas labari ina mamaki, dariya ta yi. Ta ce ai kowa da nasa. Wani bakanike da ya tsorata, Anti ta ce masa motarta na wata ƙara in ta taka burki, ya kwanta yana kwaikwayon ƙara iri-iri yana tambaya wannan ce ko waccan har aka gama. Wata malamar makaranta, ita kuma ƙarar jikan Anti aka kai mata, wai ba ya gane lissafin rabawa. Na bincika, don ba na son a yaudare ni. Motar tana nan, kuma har yau tana ƙarar. Jikan ma yana nan, shi ma har yau.

Anti, ke ce kika san mutumin da aka kwantar aka tuɓe masa komai, gashi da ƙarfi da ƙamshinsa, abin da ya rage masa shi ne abin da ya iya. Sai ki je can ki ƙwanƙwasa. Uwar tukwane, mai hannun sanyi. Kin yi gadin irin mutane a ɗakin da ba taga, wasu sun dawo sun karɓa, wasu Allah bai nufa ba, kuma nas ta ce har nasu kina duba wa ruwa kowace safiya kamar gobe za su zo.

Irin Mama ya kama. Jininta ya tashi sannu a hankali, gashi ya fito, baki kuwa dama bai je ko'ina ba. Tana komawa gida ta shiga haɗe-haɗe, kwalba bayan kwalba tana aika ni asibiti da su. Kowace Anti ta gwada sai ta ce a gaya wa Hajiya an samu sauƙi amma da saura. Na fara zargin ko da gangan take cewa da saura, don Mama ta riƙa tashi da safe da abin yi. Ban tambaya ba.

Mun gode, Anti. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki sha shayinki da zafi. Ku kuma da kuka gaji tukwanen, na san kun fi ni ilimi nesa ba kusa ba, roƙona ɗaya ne: kar ku narkar da leda sai kun kalli fuskar mai ita. Ku riƙa sa lemo a aljihu.

A wurin bikin, bayan an gama ba da agogo, Mama ta ratsa manya da sandarta ta damƙa wa Anti wata ƙaramar kwalba. Ta ce wannan ita ce ta ƙarshe, ta tabbata ta gano shi. Anti ta ce, "Hajiya, ai na bar aikin, daga yau ba sauran wari."

Mama ta jawo mayafinta ta shinshina, ta daɗe, ta saki.

Ta ce, "Da saura. Ki zo gida ranar Asabar."