Inna Luba da Motar da Ta Ƙi Sayarwa

Ina tsaka da auna nauyin wani jariri a ɗakin rigakafi, ranar Talata da hantsi, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na bar ta har ta katse, domin ɗan mutane ne a hannuna. Da ta sake ƙara na miƙa wa uwar ɗanta, na duba, na ga sunan Maryam, ɗiyar Hajiya Lubabatu. Ba ta ko yi sallama ba. Ta ce, "Anti Sa'a, Inna ta cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na maimaita, sannan na zauna a bencin masu jiran layi. Wata mai goyo ta matsa ta ba ni wuri. Bayan Azahar aka yi mata sutura a gidanta da ke Damba, a Gusau, aka kai ta makwancinta.

Hajiya Lubabatu ungozomar asibiti ce, kuma kowa Inna Luba yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinta a wani ƙaramin asibiti da ke ƙauye can bayan Rawayya, a ƙasar Bungudu. Ita ta koya mini karɓar haihuwa da hannu, bayan abin da na karanta a takarda. Duk tsawon shekarun nan a motarta nake zuwa aiki, a cikinta nake dawowa. Saboda haka ba zan iya ba da labarinta in bar motar a gefe ba.

Motar ta marigayi mijinta ce, Malam Bello, malamin gona. Fara ce mai dogon baya, wadda tsufa ya mai da launinta kamar na madarar da ta kwana. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta daina juyawa tun kafin in san ta. Da Malam Bello ya rasu, ƙannensa suka ba da shawarar a sayar, tunda babu namijin da ya isa tuƙi a gidan. Inna ta roƙi a bar mata ita cikin rabonta da na 'ya'yanta. Ta haura shekara arba'in lokacin da ta koyi tuƙi, a filin wata makarantar firamare, mutane suna tsaye suna kallo. Na taɓa tambayarta abin da ya sa ta nace. Ta ce, "Ɗiyata, na gaji da ganin mai naƙuda bisa babur."

Daga Sabon Garin Gusau nake zuwa gidanta da sassafe, kuma kullum a gaban mota nake samunta, bonet a buɗe, hijabinta a naɗe a kafaɗa. Takan zaro sandar auna baƙin mai ta goge da tsumma, ta mayar, ta sake zarowa, ta murza man tsakanin yatsu. Ta duba ruwan lagireto, ta latsa fambel da babban yatsa, ta zagaya tayoyi huɗu tana dukansu da ƙafa. Ba ta zuba wa lagireto ruwan rijiya. Da damina take tara ruwan sama a jarkoki saboda shi, ta ce na rijiya yana barin ƙasa a ciki. A watannin ɗari, lokacin da batir ke sanyi mota ta ƙi tashi, takan lulluɓe bonet da tsohon bargo tun da yamma, ta ajiye motar tana fuskantar gangaren ƙofar gida. In ta ƙi tashi da makulli, ni da Maryam mu tura, Inna ta saki kuloci, injin ya yi tari ya kama. Ko mun makara ba ta taka totur sai allurar zafi ta ɗaga. In na duba agogo sai ta ce, "Bari tsohuwa ta warware jikinta. Ke ma in kin tsufa za ki so a jira ki."

Ba ta kunna rediyo a hanya. Sauraren motar take yi. Wani lokaci muna cikin hira sai ta ɗaga hannu in yi shiru, ta karkata kai, ta ce ƙafar baya ta hagu ce, ko ta ce filogi ɗaya ba ya wuta. Makanikenta ɗaya ne tun zamanin mijinta, Malam Isuhu, mai gareji a Sabon Gari, kuma ya sha faɗa mini cewa da wuya ta kawo ƙorafi ya buɗe ya tarar ba haka ba ne. Tana yawan cewa, "Mota ba ta mutuwa ba ta faɗa miki ba. Sai dai in ba ki saurara ba."

Sau ɗaya ne ta ji ba ta saurara ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa kanta ba.

Cikin tsananin sanyi ne, wata safiyar Laraba. Wata matashiya mai suna Hasiya ta haihu a hannunmu, ɗa namiji lafiyayye, sai jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Muka yi duk abin da muke da shi. Inna ta ce a sa ta a mota, sai Gusau. Aka kwantar da kujerun baya, na durƙusa kusa da ita ina danne mata mara da hannu biyu, mijinta Ɗahiru yana gaba. Mun wuce Rawayya, ba mu kai Bungudu ba, motar ta fara shaƙewa, ta yi fizga biyu ta mutu. Inna ba ta yi neman dalili ba, domin ta san shi. Famfon mai ne. Mako guda kafin nan Malam Isuhu ya ce mata ta kawo motar ranar Asabar a sauya shi, ita kuwa ta tafi bikin ɗiyar ƙanwarta, ta ce sai Asabar ta gaba.

Ta fita ta buɗe but, ta ɗauko jarka da tiyo. Ta zuƙo mai daga tanki da bakinta ta tara a jarkar, ta haɗa tiyon da kafreta, ta ɗora jarkar a rufin mota, ta ce wa Ɗahiru ya fito da hannu ta taga ya riƙe. Yatsunta sun ƙage da sanyi, sau biyu tiyon yana kuɓuce mata. Motar ta tashi, amma mun ɓata fiye da rabin sa'a a bakin hanya. Muna shiga Gusau Hasiya ta buɗe ido ta ce mini, "Malama, ɗana fa, an rufe shi da zane? Akwai ɗari." Na ce an rufe shi. Kafin a kawo gadon tura marasa lafiya a ƙofar babban asibiti ta riga ta tafi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ita ta tuƙa gawar zuwa ƙauye, Ɗahiru yana riƙe da jarkar har gida. Washegari ta riga Malam Isuhu isa gareji. Da na ga kwana uku ba ta cin abinci, na ce mata likitan da ya duba ya ce ko mun iso da wuri da wuya a cece ta. Ta dube ni ta ce, "Likita bai san na tahi biki ba." Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma daga ranar, in Malam Isuhu ya ce Asabar, ran Alhamis take kai mota, kuma duk sallah takan aika wa yaron nan da kaya ta hannuna, ta ce kada in faɗi daga ina.

Shekaru suka ja, kayan gyaran irin motar suka ɓace daga kasuwa. Aka ba ta labarin wata irinta da ta mutu a wani gida a Tsafe, kaji suna kwana a ciki. A lokacin, saboda 'yan bindiga, hanyar Tsafe ta riga ta zama abin da mutum ke sallama da iyalinsa kafin ya hau. Ta ɗauki Malam Isuhu suka tafi, suka kwanto kafreta da lagireto da duk abin da zai kwantu, suka dawo kafin La'asar. Ɗanta Nura, wanda ke aiki a Kaduna, ya kira yana faɗa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Na ji, Allah shi yi maka albarka," ta ci gaba da goge kayan da kananzir.

Sannan abin ya iso tamu hanyar. A da in mota ta tsaya a daji ɓata lokaci ne kawai. Yanzu tsayawar tana iya zama ƙarshen ganin mutum. Muka koma fita sai rana ta ɗaga, mu baro ƙauye tun Azahar. Inna ta ƙara safaya ta biyu da fambel da filogi a but. Ta ce mini, "Wagga mota ba ta da izinin tsayawa tsakanin Rawayya da asibiti." Ba ta kuwa tsaya ba ko sau ɗaya. Ƙauyen ne ya watse. 'Yan bindiga suka shiga wata ranar kasuwa, suka kashe waɗanda suka kashe, suka kora dabbobi da mutane. Cikin mako biyu babu kowa sai tsofaffin da ba su iya tafiya. Da muka koma ɗauko kayan aiki tare da rakiyar jami'an tsaro, mun tarar an cire ƙofar ɗakin haihuwa, an tafi da katifar gadon. Inna ta shiga ɗakin ta ɗauki ma'aunin jarirai ta fita.

Ni aka mai da ni Gusau, ita kuwa lokacin ritayarta ya yi. Na zaci za ta huta. Sai ta shiga bin matan ƙauyen inda suka warwatsu, a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, a Bungudu da gefen Gusau. Takan duba masu ciki, ta ɗauko wadda abin ya yi wa tsanani ta kai asibiti. Motar kuwa ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai kamar ruwa. Malam Isuhu ya buɗe injin ya rufe, ya ce a gabana, "Hajiya, an kai ƙarshen gyara. Babu sauran abin da zan yi mata sai lallashi." Ta ce, "To mu lallasa ta. Ni ma lallashin ake yi."

Wata biyu da suka wuce hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ranar da na je duba ta ta ƙarshe, ta sa Maryam ta ɗauko makullin motar, ta tura mini shi a kan shimfiɗa da hannun hagu. Maganarta ba ta fita sosai, amma na ji ta. Ta ce, "Kin iya turawa. Tuƙin ba wuya. Isuhu zai nuna miki." Ban ɗauka ba. Na ce mata maigidana ba zai yarda ba, kuma gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne ni kaina tsoro nake ji, na hanya da na motar, da na ranar da za ta mutu mini da mace a baya. Ta dube ni kamar yadda take duban sandar baƙin mai, ta ce, "To. Allah shi tsare." Ba ta nuna fushi ba. Har ta tambayi lafiyar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Ranar sadakar uku, muna zaune da hantsi, wani mutum ya iso a kan babur ɗin aro daga Bungudu. Ɗan ƙauyen nan ne, na gane shi. Ya ga tabarmi a ƙofar gida, ya ga motar a gefe tayoyinta biyu sun sace, ya fahimci abin da ya faru. Ya durƙusa ya yi wa Nura ta'aziyya yadda ya kamata. Ya miƙe zai tafi, sai ya kasa, ya ce a yi masa sallama da ni. Matarsa tana kan gwiwa tun jiya, ya zo ne Inna ta ɗauke ta. Nura ya tsayar mana da mai keke napep, na bar zaman makoki na bi shi. A wani kango na same ta, a kan buhu. Na karɓi haihuwar, ɗiya mace, ba ta zo da rai ba. Uwar ta rayu. Ina wanke hannu wata tsohuwa ta zuba mini ruwa, ta ce, "Malama, yanzu in ta tashi wa wata, wa za mu kira?" Na rubuta mata lambata a bayan kwali, alhali ni da ita mun san ba ni da abin da zan zo da shi. Da na koma Damba na tarar masu sayen tsoffin ƙarafa sun riga sun zo yin gaisuwa, sun kuma tambayi Nura ko za a rabu da motar.

Ya Allah, ga baiwarka Lubabatu ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya wahalar da ta sha a hanya cikin ma'aunin alherinta, Ka sada ta da mijinta a Aljannar Firdausi. Ka ba Nura da Maryam haƙurin rashinta, Ka haɗa kansu, Ka yi wa zuriyarta albarka. Matan da ta bari a kangaye ba su da kowa sai Kai, Ka dube su da rahamarKa. Mu da muka gaza ɗaukar abin da ta miƙo mana, Ka yafe mana, kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.