Kwanon Gilashin da Ya Bi Tukuicin Lefe

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan manta da ranar da aka kawo lefen ƙanwata a gidanmu na Soron Ɗinki. Ni ce babbar ya, kuma ina da son a yaba, don haka na shiga wajen wata tsohuwa maƙwabciyarmu na aro kwanonta na gilashi. Mai nauyi ne, an sassaƙa jikinsa gida-gida, in rana ta haska shi sai ya yi ta walƙiya. Gadon mahaifiyarta ne, ko jikokinta ba sa taɓa shi.

"Don ke ce fa," in ji ta. "Shi kaɗai ya rage mini na tsohuwata."

Na cika shi da alawar madara da gullisuwa, na ajiye gaban dangin ango. Da za su tafi aka haɗa musu tukuici, su alkaki da cincin, kuma a al'ada har da mazubin ake bayarwa. Wata gwaggonmu mai rawar jiki ta haɗa da kwanon.

Da na duba ban gan shi ba, sai na gane ya bi tukuicin. Kwanaki ina kewaye ƙofar tsohuwar, ko sallamarta na ji sai in shige ɗaki. Mahaifiyata ta ce, "Mu aika wa surukai su dawo da kyauta? Da wane idon?" Na zaga kasuwa, babu irinsa.

Ƙarshe dai na yafa mayafi na nufi Kabara, gidan gwaggon ango, wadda ta jagoranci masu kawo lefen. Ga kwanon nan a saman kabet ɗinta. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, har na tambayi lafiyar awakinta.

"'Yar nan, faɗi abin da ya kawo ki," in ji ta.

Na sunkuyar da kai na faɗa.

Ta sauko da kwanon ta naɗe a sabon zane. "Tun a mota na ce irin wannan ba a kyautarsa, gadonsa ake yi. Kunya ce ta hana ni aikowa, kada ku ce mun raina."

Ashe ita ma a takure take. Daga can ban zame ko'ina ba sai gidan tsohuwar, na miƙa mata kwanonta. Daga ranar na gane kunya ba ta mayar da amana, sai an buɗe baki. Kuma na daina ado da kayan mutane, zanen aro ba ya rufe katara.