Izinin Fitar Inna

Ranar Laraba ce da hantsi, lokacin yankan shinkafa, ina da shekara goma sha ɗaya. Ina zaune a tsakar gidanmu na Ƙofar Marke ina carafke da duwatsu, Inna kuma tana surfen geron furar da nake kaiwa talla. Sai na ji dakan ya tsaya. Da na waiwaya, taɓarya tana ƙasa, Inna ta jingina da turmi, bakinta ya karkace, yawu yana zuba. Ta dube ni za ta ce Hadiza, sunan bai fito ba. Kaji suka taru a kan geron da ya zube, ba wanda ya kore su.

Baba ba ya gari. Kwanansa huɗu a fadamar Wamakko, can cikin gona inda mota ba ta shiga, kuma a lokacin ba mai waya a gidanmu. Kaka, mahaifiyarsa, ita ce babba. Ta ce iska ce ta bugi Inna, don an gan ta ta watsa ruwan zafi a bayan ɗaki ba bisimilla. Aka zuba turare a garwashi, aka lulluɓe ta da zane. Aka karɓo rubutu aka ɗura mata da ludayi, ta ƙware, ya dawo ta hanci. Maƙwabcinmu Malam Sani, mai motar ɗaukar albasa, ya tsaya a zaure ya aiko a fito da ita ya kai ta asibiti. Kaka ta ce a yi masa godiya. "Matar aure ba ta ƙetare zaure sai da bakin mijinta," in ji ta. Ba mugunta ba ce. Haka ita ma ta yi nata zaman auren, ba ta san wani ba. Ta wuni tana shafa wa Inna man shanu a hannun da ya mutu, tana kuka. Aka ba wani mai zuwa Wamakko sallahu, muka zauna jira.

Sai la'asar ɗin Alhamis Baba ya shigo, laka har gwiwa, lauje a hannu. Ya leƙa ɗaki, ya fito ya tsaya a tsakiyarmu. "Wa yac ce ku jira ni? Mi kunka tsaya jira?" Nan take ya sa aka fitar da Inna. A asibiti likita ya tambayi yaushe abin ya same ta. Baba ya ce jiya da hantsi. Likitan ya ajiye bironsa. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka ba ta ƙwayoyin hawan jini, aka ce a riƙa kawo ta gashi. Mun kai ta har muka gaji, hannun bai motsa ba.

Daga nan yarintata ta ƙare. Na bar makarantar allo a izu biyu. Ina jin 'yan mata suna gaɗa a ƙofar gida, ni ina juya Inna kada bayanta ya yi gyambo. Ni ce wanka, ni ce wankin zannuwa, ni ce ba da koko cokali-cokali. Matar da take jera habaici tun daga rijiya har murhu, kalma ɗaya ta rage mata: "To." Yunwa to, ciwo to, sallama to. Kullum da safe Kaka takan durƙusa bakin tabarmarta ta ce, "Ɗiyata, ki gafarta mini." Inna ta ce to. Har Kaka ta rasu ba ta san ko gafarar ce ba. Shekara tara Inna ta yi a kwance, sannan ta bi ta.

Yanzu girki nake yi a wani gida a Arkilla. Bara Hajiyar gidan ta faɗi a gabana, bakinta ya karkace irin na Inna sak. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta nemi kowa ba, ko mayafi ba ta ɗauko mata ba, muka cicciɓe ta sai mota. Bayan mako biyu Hajiya ta dawo da ƙafarta, tana kiran sunana, tana faɗan gishiri ya yi yawa. 'Yar ta gaya mini jini ne yake daskarewa ya toshe jijiya a kai. Akwai allurar da take narkar da shi, amma sai an ɗauki hoton kai, kuma sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Ta ce ba kowane asibiti yake da ita ba, ba kuma kowa yake iya saye ba. Na tambaye ta ko akwai ta a zamanin Inna. Ta ce ba ta sani ba. Ko wanda zan ji haushinsa ban samu ba.

Ni ma an ce ina da hawan jini. Ran nan na sa mijina ya faɗa a gaban wansa cewa duk ranar da na faɗi, a fitar da ni, ko yana nan ko ba ya nan. Ya yi dariya, amma ya faɗa. Na san ba mu da halin allurar nan. Izini dai na samu. Inna ko shi ba ta samu ba.